Godiya ta musamman ga ofishin 'yan jagora na birnin Santa Marta da suka kai mu Teyuna

Assalamu alaikum jama'a. Wannan godiya ce a bainar jama'a ga ma'aikatan ofishin da suka shirya mana tafiya zuwa tsohon birnin nan na duwatsun Sierra Nevada a ƙasar Kolombiya, wanda masu yawon buɗe ido ke kira Ciudad Perdida, 'yan asalin wurin kuma suna ce masa Teyuna. Na rubuta da Hausa ne don 'yan uwana su san akwai mutanen kirki a can, ku kuma abokina zai fassara muku.

Tun a ofis kuka faɗa mana gaskiya, ba ku yi mana daɗin baki ba. Kuka ce tafiya ce ta ƙafa sama da kilomita 40 zuwa da dawowa daga ƙauyen El Mamey inda mota ke sauke mutum, akwai zafi akwai ruwan sama akwai laka da sauro, kuma wallahi duk abin da kuka faɗa haka muka tarar. Hawa kake kana sauka kana sake hawa, rigarka ta jiƙe sharkaf tun da safe, ka tsallake kogin Buritaca ruwa har gwiwa, da dare ka kwanta cikin gidan sauro kana jin kukan ƙwari kamar gari zai tsage.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne maganar abinci da sallah. Na gaya muku ni Musulmi ne ba na cin alade, sau ɗaya kacal na faɗa. Daga nan kukun tafiyar, Allah Ya saka masa da alheri, kullum tukunyata daban, kifi ko ƙwai ko wake da shinkafa da soyayyar ayaba, har ya riƙa ɗaga murfi yana nuna min don hankalina ya kwanta. Kayan abincin nan fa a bayan alfadarai ake hawa da su dutsen, don haka ware wa mutum ɗaya nasa ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Lokacin azahar kuwa jagoranmu da kansa zai kalli agogo ya tsayar da tawaga a inda ake raba kankana da abarba, ya nuna min wuri busasshe in shimfiɗa ɗan mayafina, ba wanda ya taɓa nuna min na ɓata masa lokaci.

Sai ranar da muka iso gindin matakalar, kusan matakai 1,200 na dutse, ƙanana ga santsin gansakuka. Gwiwata ta soma ciwo sosai a nan, jagoran ya karɓi jakata ya rataya a kan tasa, ya sara min sanda, yana ta cewa a hankali a hankali har muka kai. Kai jama'a, wurin nan sai wanda ya gani. Dandamali ne zagayayyu na dutse sama da 160 jere a bayan tsauni, mutanen Tairona suka gina tun wajen shekara ta 800, wato ya girmi Machu Picchu, tsohon birnin nan na ƙasar Peru, da kusan shekara 650, da hanyoyi da magudanan ruwa, shi ya sa duk ruwan saman dajin nan bai cinye shi ba.

Kuma na yaba da yadda jagoran bai ɓoye mana tarihin ba. Ya ce an bar garin ne bayan zuwan Sifaniyawa, daji ya rufe shi, sai a 1972 masu tonon kaburbura don neman zinare suka faɗo kansa suka yi ta wawura, kafin masana kayan tarihi su iso a 1976 a fara gyara. Amma ƙabilun Kogi da Wiwa da Arhuaco, jikokin masu ginin, sun ce su dama ba su taɓa manta wurin ba. Ya hana mu ɗaukar kowa hoto sai da izini, da muka wuce ƙauyen Kogi mai bukkokin ciyawa ya ce a rage murya, mutane ne a gidajensu. Ni wannan ya burge ni matuƙa, don ba kowane mai neman kuɗi ne ke kare mutuncin masu ƙasa haka ba.

Duk ɗan uwan da Allah Ya kai shi yankin, ya sani ba a shiga sai da jagora mai lasisi, kuma ana rufe hanyar na wani lokaci duk shekara don shugabannin addinin 'yan asalin wurin da ake kira mamo su yi al'adunsu. Ku kuma ma'aikatan ofis, da jagora da kuku da masu alfadarai, na gode ƙwarai da gaske. Allah Ya ƙara kasuwa, Ya tsare ku a hanyar nan da kuke bi kullum, a gaida min iyalanku.