Daren da aka cire sunan ɗana daga ƙungiyar hoki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na makon jiya game da 'ya'yanmu da ke tasowa a ƙasashen waje da wasannin makaranta. Wani bawan Allah da ya bugo waya ya ce yaron da aka cire daga ƙungiya ya yi haƙuri kawai, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ban ce ya faɗi ƙarya ba. Sai dai ni nawa ɗan aka cire, ina zaune kusa da shi a mota lokacin da ya gani, shi ya sa nake da abin ƙarawa. Ɗan fari ne, don haka a yi min uzuri, ba zan kama sunansa ba.

Shekara 19 ke nan ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka. Hokin nan ba irin wanda aka sani a filayen makarantun kwana na gida ba ne. A kan ƙanƙara ake yin sa, mutum shida-shida har da gola, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, ana korar wani ɗan faifan baƙar roba da sanda. Mutanen jihar nan sun ɗauke shi kamar yadda Bakano ya ɗauki hawan Sallah. Tun 1945 ake gasar makarantun sakandare ta jiha, kuma duk watan Maris sai ka ga ɗakin wasan birnin St. Paul, mai cin mutum kusan 18,000, ya cika don kallon yara 'yan shekara 16 da 17, ana nunawa a talabijin. Yaron da ya tashi a nan, wannan ɗakin yake mafarki.

Yaran unguwa kan fara tun suna da shekara huɗu ko biyar. Nawa sai da ya kai tara, shi ma wani maƙwabci ne ya ara masa tsohon takalmin ɗansa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, amma yaron ya yi ta bin su a guje har ya kamo da yawa. Na sha tashi ƙarfe biyar na asuba cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci don in kai shi atisaye, na sayi sandar da ta haura dala 200, ta karye cikin wata guda, na sake saye. Matsalar ita ce ƙungiyoyin unguwa suna da gurbin kowa, amma in an zo sakandare ƙofa sai ta tsuke. Mutum 20 ne ke sa riga a babbar ƙungiya, biyu daga ciki masu tsaron gida, ƙaramar ƙungiya ma kusan haka. A shekarar da nake magana, yara sama da 60 suka fito gwaji a makarantarsu.

Kwana huɗu aka yi ana gwajin a tsakiyar Nuwamba, iyaye ba sa shiga. An ba kowane yaro lamba, tasa 34. Aka ce ƙarfe tara na dare za a saka sakamako a shafin intanet. Ya ƙi yarda mu shiga gida, muka zauna a mota a bakin gareji, injin yana aiki saboda sanyi, jakar kayansa a baya tana bugo mu da warin gumi. Tara ta yi, ya buɗe waya. Lambobi ne zalla a jere, ba suna, ba bayani. Na ga yatsansa ya sauka ƙasa, ya hau sama, ya sake sauka. Daga 33 sai 36. Ya ce, "Baba, mu shiga." Mahaifiyarsa ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka, abin da ya fi so, sai da safe aka ɗumama wa ƙannensa. Jakar nan ta yi mako biyu a gareji ba wanda ya taɓa ta.

Ba zan ɓoye maka ba, Malam Edita, abin da ya fara zuwa min a rai launin fata ne. Shi kaɗai ne baƙi a cikinsu. Na kwana ina tsara wasiƙar da zan aika wa shugaban makaranta. Da gari ya waye na ji cewa lamba 35 da aka cire tare da shi ɗan wani Bature ne da ke cikin kwamitin iyaye, mutumin da ya fi kowa tara wa ƙungiyar kuɗi. Jikina ya yi sanyi. Ban ce wariya ba ta cikin wasan nan ba, tana nan, yaron ya sha jin maganganu a kan ƙanƙara waɗanda ba zan maimaita ba. Amma a wannan karon ba ni da hujja, kuma da na aika wasiƙar da na koya masa wani abin da zai yi ta fakewa da shi har ya girma.

Da na huce na zauna na yi tunani, sai na ga yawancin rashin adalcin ya riga kocin zuwa wurin. Tun a 1985 wani masani ɗan Kanada, Roger Barnsley, ya nuna cewa manyan 'yan hokin ƙasarsu sun fi yawa a cikin waɗanda aka haifa daga Janairu zuwa Maris, saboda daga 1 ga Janairu ake ƙidayar shekarun yara. Wanda ya girmi ɗan rukuninsa da wata goma ya fi shi jiki a shekara takwas, sai a ce ya fi hazaƙa, a ba shi koci mai kyau da ƙarin wasanni, kafin a ankara abin ya zama gaskiya. Ga kuma aljihun uba: yaron da aka biya wa horon bazara da malami na musamman ba zai zo daidai da wanda ya yi hutunsa yana wankin mota ba. Sannan inda gidanku yake. A ƙananan garuruwan jihar akwai makarantun da sai biyu ko uku sun haɗu kafin su tada ƙungiya ɗaya, yaron da aka zubar a unguwannin gefen Minneapolis da can yake da shi za a fara wasa. In ka ce ka sauya masa makaranta, dokar hukumar wasannin sakandare ta jiha ta ce sai ya yi shekara guda ba ya buga wa babbar ƙungiya, sai fa in gidan gaba ɗaya ne ya tashi.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Wanda har yau ya tsaya min a wuya shi ne jerin lambobin nan. Yaro ya ba wasa shekara bakwai, a sallame shi ba tare da wani babba ya dubi idonsa ba? Ko ɗan tireda in zai sallami yaron shagonsa ai yakan zaunar da shi. Na ce masa ya je ya tambaya da kansa, ni ba zan bi shi ba. Ya yi kwana uku yana jan ƙafa, sannan ya je. Kocin, don Allah, bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce takunsa uku na farko ba su da sauri, kuma shi da wani ɗan aji tara sun zo kunnen doki, to shi yana aji goma sha ɗaya, wancan yana da sauran shekara huɗu a gaba. Na daɗe ina juya wannan magana. Wato da ya fi haka ƙuruciya da an ɗauke shi. Ga ƙungiya lissafin daidai ne, ga yaro kuwa an hukunta shi a kan abin da ba shi da iko a kai. Amma abin mamaki, da ya dawo daga ofishin nan fuskarsa ta fi sakewa. Minti goma kacal aka yi, kuma da tun daren farko aka ba shi su da an rage masa mako biyu na zaton shi ba komai ba ne.

A kwanakin nan kusan duk wanda ya zo jaje sai ya kawo labarin Herb Brooks, ɗan St. Paul. Shi ne na ƙarshe da aka cire daga tawagar Amurka ta Olamfik ta 1960, ana saura kwanaki a fara. Tawagar ta ci zinare yana gida yana kallo a talabijin, mahaifinsa ma ya juyo ya ce masa da alama kocin bai yi kuskuren wanda ya cire ba. Bayan shekara 20 shi ne kocin da ya jagoranci ɗaliban jami'a suka doke Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3 a gasar Olamfik ta Lake Placid, ranar 22 ga Fabrairun 1980, daga bisani suka ɗauki zinare. Labari ne mai daɗi. Amma masu ba da shi ba sa ƙarasawa: a wannan 1980 ɗin shi ma Brooks sai da ya rage tawagarsa zuwa 20, ya cire wani matashi mai suna Ralph Cox a ƙarshe, kuma Cox bai dawo ya rataya zinare ba. Yawancin yaran da ake cirewa 'yan gidan Cox ne. In ka ce wa yaro maganin ciwonsa shi ne ya zama Brooks, ka ɗora masa wani kayan a kan wanda yake ɗauke da shi.

Nawa dai bai sake komawa gwajin makaranta ba. Akwai wani rukuni a jihar da ake kira Junior Gold, na samarin sakandare da ba sa buga wa makarantunsu, can ya shiga tare da mai lamba 35. Ba talabijin, ba 'yan ganga, wani lokaci sai goma saura kwata na dare suke samun fili, 'yan kallo mu iyaye ne kamar talatin muna rawar ɗari da kofin shayi. Ya yi kaka biyu a can, ta biyun shi ne kyaftin. Har yanzu in Maris ya zo ba ya zama kallon gasar jiha tare da mu, yakan ce yana da aiki a ɗaki, mu ma ba ma matsa masa.

Roƙona gare ku, in za ku sake taɓa wannan batu, ku gayyato koci guda, ko na ƙwallon ƙafa ne daga gida, ku tambaye shi yadda yake sanar da yaron da bai ɗauka ba. Ina so in ji amsarsa. Shi kuwa yaron, bana ya yi kwas ɗin alƙalancin wasa, ranar Asabar yana hura usur a wasan 'yan shekara takwas, kuma ni ne dai har yanzu mai tashi da asuba in ɗumama masa mota.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani uba daga Minnesota, Amurka