Ƙorafi kan rabon kujeru a jiragen ƙasa masu dogon zango

Zuwa ga Manajan Sashen Fasinjoji,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, kukana a kan yadda kamfaninku ke rabon kujeru ne.

Magidanci zai sayi tikitin iyalinsa a lokaci guda, amma na'urarku ta tarwatsa su kamar an watsa wa kaji tsaba. A tafiyarmu ta baya, mahaifiyata mai ciwon gwiwa ta faɗa wani tarago, ni da yara muna wani, maiɗakina kuwa aka cusa ta tsakiyar kujera mai cin mutum uku, maza biyu da ba ta sani ba suka sa ta a tsakiya. Kujerun na kallon juna, gwiwa na gugar gwiwa, jakunkuna jibge a ƙasa, babu wurin miƙe ƙafa. Da na yi wa mai duba tikiti magana sai ya ce, "Alhaji, lambar da ke takarda ita ce doka, sai dai ka roƙi wani ku yi musaya." To in roƙo ne mafita, me muka biya?

Alhazanmu sun ga jirgin Haramain da ya fara jigila tsakanin Makka da Madina a 2018: kujeru bibbiyu dama da hagu, hanya a tsakiya, kuma kai za ka zaɓi mazauninka tun wajen sayen tikiti. A Japan har juya kujerun ake yi su fuskanci inda jirgi ya dosa.

Kada ku ce wannan sai ƙasashe masu kuɗi. Jirgin dare daga Yawunde zuwa Ngaundere a Kamaru yana da ɗakunan kwana masu gado biyu da masu gado huɗu, iyali su kama ɗaki su ja ƙofa. A Indiya kuma, duk da cunkosonsu, ana fifita tsofaffi da masu juna biyu wajen ba da gadon ƙasa, don kada a sa su hawa sama.

Ba sabbin taragai nake nema ba. Tikitin da aka saya tare a ba shi kujeru a jere, a ware wasu sahu ga mata masu tafiya su kaɗai, a bar wa tsofaffi kujerun kusa da ƙofa da makewayi. Gyaran na'urar sayar da tikiti kawai wannan ke buƙata.

Ina sauraron amsarku a rubuce.

Naku,
Wani fasinja