Zuwa ga ƙanena Injiniya, mai tambayar abin da ya kai mu cikin zancen ƙirƙirarriyar basira

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Na ji tambayar da ka jefo mini a shirin rediyon nan na daren Lahadi, na kuma ga yadda aka yi ta yawo da ita a WhatsApp har ta iso wayoyin ɗalibaina. Ka ce me ya kai malamin ilimin zamantakewa cikin zancen ƙirƙirarriyar basira, alhali bai taɓa rubuta manhaja ba. Ka kuma ƙara da cewa in ban da karɓar kuɗin zaman taro, ba ka ga abin da ire-irenmu muka taɓa tsinanawa ba. Tun da a bainar jama'a ka yi tambaya, a nan za ka karɓi amsa.

Batun manhaja ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ban iya ba, kuma alƙalin da ke shari'ar haɗarin mota ba sai ya iya kwance inji ba. In mai rubuta manhaja kaɗai kake saurare, to ga Joseph Weizenbaum, wanda ya ƙera ELIZA, manhajar kwamfuta mai hira da mutum a rubuce, a jami'ar MIT ta Amurka a 1966. Da ya ga mutane suna zazzage wa na'urar sirrin zuciyarsu kamar sun samu aminin kirki, hankalinsa ya tashi, ya shafe sauran rayuwarsa yana gargaɗi kan abin da bai kamata a miƙa wa kwamfuta ba. Shi ma kuɗin zama ya bi?

Maganar kuɗin zaman ce ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Tun kana makarantar firamare nake kwana a ƙauyukan Adar da Arewa, ina zama a zaurukan masu gari da littafi a hannu. Bari in nuna maka abin da ake samowa a irin wannan zama.

A 2020, lokacin korona, ƙasar Togo ta raba tallafin kuɗi ta salula da shirin da ake kira Novissi. Don gano talakawan karkara, masana daga jami'ar Berkeley suka haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan yadda mutum ke amfani da layinsa, na'ura ta yi kintacen mai hali da marar hali. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma su kansu masu aikin, a sakamakon da suka wallafa a mujallar Nature a 2022, sun ce dabarar ta fi rabo bisa yanki, sai dai ba ta kai cikakkiyar rajistar magidanta ba, kuma wanda ba shi da waya ba ya ma shiga lissafi. Su sun faɗi iyakar aikinsu. Kai a rediyo cewa ka yi na'ura ba ta son kai, ba ta da ƙanen uwa a ƙauye.

To ɗauko wannan dabara ka kawo ta wani ƙauye na jihar Tawa. Maigida ya tafi biɗa Abijan ko Libiya. Waya guda ce a gidan, layin da sunan babban ɗa, matan gida uku da maƙwabciya duk da ita suke kira. Kira na shigowa daga ƙasar waje kowane mako. Me na'urarka za ta gani? Gida mai hulɗa da ƙetare, wato gidan mai hali. Ba za ta ga cewa mutumin ya yi watanni bai aiko ko dala ba, kuma kiran na ba da haƙuri ne. Ita kuwa gwauruwar da ke ƙarshen gari, wadda ba ta taɓa riƙe salula ba, a wurin na'ura ba a ma haife ta ba.

Wannan ilimi ba daga sama ya faɗo ba. A nan Yamai, cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL, wadda aka kafa a 2001, ta bi diddigin tallafin kuɗi da ƙungiyoyin agaji ke rabawa a karkarar Nijar. Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa ƴan ƙasa sun nuna cewa jerin sunayen da ake rubutawa a ofis daban, abin da ke faruwa bayan motar masu rabo ta juya daban. Kuɗin da aka damƙa wa mace sau da yawa hannun miji suke komawa, a wasu garuruwa a tattara a sake rabawa don kada zumunci ya ɓaci, waɗanda aka tsallake kuma su zargi maigari. Na'urar da za ka horar, da waɗannan jerin sunaye za ka ciyar da ita. Za ta haddace son kan da ke cikinsu, ta maido maka da shi a tsaftace, wannan karon babu ko maigarin da za a je a yi wa ƙorafi.

In kana ganin matsalar ƙauye ce, dubi Holand. Hukumar harajinsu ta yi amfani da tsarin lissafi wajen farautar masu zamba a tallafin renon yara, tana ɗaukar riƙe takardar zama ɗan ƙasa biyu a matsayin alamar haɗari. Dubban iyalai marasa laifi suka talauce, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Injiniyoyi ba su yi ƙaranci a can ba. Haka a 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka auna manhajojin tantance fuska, suka tarar kuskurensu kan baƙaƙen mata ya kai kashi 34 cikin ɗari, kan fararen maza bai kai kashi 1 ba. Su biyun masana kwamfuta ne, amma tambayar da suka yi, wato fuskar wa aka koya wa na'ura, tambayarmu ce.

Ban so in taɓo wannan ba, amma gari ƙarami ne. Kowa ya san kamfaninka na zawarcin kwangilar tantance masu cin gajiyar tallafi, kuma tambayarka ta zo ne bayan na ce a wani zama kada a amince da irin wannan aiki sai an ji ta bakin mutanen da za a tantance. Ban ce abu biyun suna da alaƙa ba. Na dai lura da yadda suka biyo juna, kuma neman halali ba laifi ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya wuce ka. Ƙasarmu Nijar da ke da IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan'adam ta jami'ar Yamai, inda dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da marigayi Boubou Hama ya soma tarawa suke ajiye, ƙasar da ke masaukin CELHTO, cibiyar Tarayyar Afirka mai tattara tarihin baka, ita ce kuma ƙasar da ɗalibin tarihi ko na harsuna ke jin kunyar faɗin abin da yake karantawa. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, madalla. Amma Hausar da waɗannan na'urori suka koya ta jaridu da gidajen rediyo ce, ba ta tsohuwar da ke Bouza ko Keita ba, balle a zo ga Zabarmanci, Fulatanci da Tamajak. Wa zai tattaro maganar waɗannan mutane, da izininsu, ya rubuta ta daidai? Ɗaliban nan da kuke yi wa dariya. Ƙasashe 193 sun amince da shawarwarin UNESCO kan ɗa'ar wannan fasaha a Nuwamban 2021, muna da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, amma mu sai an gama komai ake kiranmu, ranar rufe taro, mu yi jawabin minti biyar a ɗauki hoto. Ambulan ɗin da kake mana gori a kansa, ku kuke miƙo shi don mu yi shiru.

Ga tayina. Kafin ka miƙa takardun kwangilarka, zaɓi ƙauye guda a Adar, na'urarka ta fitar da sunayen matalautansa. Ni zan kawo ɗalibaina, mu tara mutanen gari maza da mata, a karanta sunayen da babbar murya, kana zaune. Abin da ya fito mu kai shi gidan rediyon da ka yi tambayarka. Man mota a wuyana, kuma babu kuɗin zama ga kowa.

Ka gaida mahaifinka.

Yayanka,
malamin ilimin zamantakewa, Yamai