Zuwa ga Uwata da ke Kubwa

Unguwar Rogo, Jos.

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki. Mu nan kowa ƙalau, sai sanyi da ya sauko mana tun lokacinsa bai yi ba, ruwan alwalar asuba ma sai an ɗora a wuta. Babanku yana gaishe ku.

Ƙanwarki ta tsegunta mini abin da kika kasa faɗa mini da bakinki. Alhamdu lillahi, Allah ya raba lafiya. Na san kunya ce ta riƙe ki, ni ma ita ce ta sa na ɗauki biro na bar waya. Ke 'yar fari ce, ga sunan mahaifiyata a kanki, ban taɓa kiran sunanki ba, balle in zaunar da ke in yi miki zancen ciki ido da ido. Amma na ga abin da shirun nan ya yi wa mata a unguwar nan, ba zan bari ya biyo ta kanki ba.

Ta ce mini an shiga wata na biyar ba ki je awo ba, wai ɗinkin biki ya yi miki yawa, shago ba ya rufuwa. Wannan ne ya hana ni barci. Uwata, keken nan da ƙafarki kike taka shi, da idonki kike zura zare. Shagon, da 'yan matan da kike koya wa ɗinki, da ɗan kuɗin da kike juyawa ba ki roƙi kowa ba, duk a kan jikinki suke tsaye.

Kina da shekara tara lokacin da na haifi autanmu, za ki iya tuna Inna ta zo ta daɗe a wurinmu. Ba a gaya muku dalili ba. A lokacin ina da rumfa a Farin Gada, ina sarin dankalin Turawa da kabeji, ina cikin adashe biyu. Da na haihu aka yi mini abin da aka saba, wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, kunun kanwa kuma kwano bayan kwano. Kafin arba'in ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya gagare ni, barci sai a jingine da bango. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ni, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Da aka kai ni asibiti likita ya ce zuciyata ce ta gaza. Ya ce kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ga zafin wankan yana ƙara wa zuciya aiki, kuma likitoci a Zariya sun lura da haka tun shekarun 1970. Wata tara na yi ina jinya. Jarin ya ƙare a magani, rumfar wata ta karɓa, adashen aka ci gaba ba ni. Babanku bai gaza mini da komai ba, Allah ya saka masa. Sai dai shekara biyu na yi ko sabulu zan saya sai na buɗe baki na tambaya, kuma na lura ko a taron dangi maganata ta rage nauyi. Har kuɗin makarantarki na wani zango sai da aka jinkirta, ina ji ina gani.

Saboda haka ki je awo cikin makon nan. A zamaninmu zuwa awo sau huɗu ake cewa, yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi takwas tun 2016. Za su auna jininki da fitsari, su ba ki ƙwayoyin ƙarin jini, da Fansidar saboda zazzaɓin cizon sauro, da allurar rigakafin tetanus. Ki sha maganin ko yana tayar miki da zuciya, kada ki jibge shi a kan durowa. Gidan sauro kuma ki ɗaura, Abuja ba Jos ba ce. In kika ji ciwon kai mai tsanani, ko kina gani dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko kika ga jini, ko motsin ya ragu, ki ajiye almakashi ki tafi a ranar. Jijjigar nan da ake cewa iska ce a yi ta turare, hawan jini ne na ciki, kuma da awo ake kama shi tun bai kai can ba. Na ji a rediyo cewa a 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ajali na Allah ne, amma shi ya ce mu nemi magani.

Sai maganar da ta fi kowacce. Ki zauna da maigidanki tun yanzu, cikin ladabi, ki nemi izini guda ɗaya wanda zai ɗore: duk ranar da jiki ya ƙi, yana gari ko ba ya gari, ki tafi asibiti ba sai an jira shi ba. Ya faɗa a gaban mahaifiyarsa, kowa ya ji. Kin san matar da take suyar masa a bakin layinmu, wadda ta daina fitowa. Kwana biyu ta yi a kan gwiwa, mijin ya bi motar tumatir zuwa Legas, babu wanda ya yarda ya ɗauki nauyin fitar da ita. Ɗan bai zo da rai ba. Kansa ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi har wurin ya mutu ya huje, ta tashi da yoyon fitsari. Wa zai sayi masa a hannunta? Na sha shiga ɗakinta in tarar da ita a kan leda, ta juya fuska bango, ko gidan suna ba ta zuwa. An yi mata aiki a asibitin Jankwano ta warke, ta koma kan tandarta, amma shekara uku ta tafi, auren ma ya tafi. Ita mai dauriya ce, kowa yana yabonta da haka, dauriyar ce ma ta sa ta cije ba ta yi kuka ba har dare na biyu.

Ki ware kuɗin haihuwa daban, a asusunki, kada ki taɓa su ko yadi ya yi araha a kasuwar Wuse. Ki san asibitin da za ki, da mai motar da zai amsa waya ƙarfe biyun dare, da rukunin jininki, da mutum biyu da za su ba da jini in an buƙata, don zubar jini bayan haihuwa ba ya jira a je a nemo. Ku tambayi zancen inshorar lafiya, tun 2022 doka ta wajabta ta ga kowa. In likita ya ce tiyata, a sa hannu. Wadda aka yi wa aiki ita ma haihuwa ta yi, kada ki saurari masu cewa ragwanci ne.

Bayan kin sauka ki ba jikinki hutu. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, likitoci ma tazarar shekara biyu suke cewa kafin wani cikin. Ku je tare da shi a yi muku bayani, ku zaɓi abin da ya dace da ku.

Ƙanwar mijinki da kike riƙo, in ba ta wuce 14 ba, ki roƙi iyayenta a yi mata rigakafin sankarar bakin mahaifa. An fara shi a Oktoban 2023, na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta. Cutar tana kashe mata wajen 8,000 a shekara a ƙasar nan. Ni da kaina na raka jikokin maƙwabta.

Babanku yana so ki zo gida wanka, kamar yadda ake yi wa cikin fari. Ni ma ina so, in maigidanki ya amince. Na riga na gaya wa Gwaggonku ruwan ɗumi za ki yi wanka da shi, kunu kuma na gyaɗa ne, kanwa ba za ta shiga ba. Ta ɓata rai, za ta huce.

Na ba direban da ya saba kawo muku saƙo busasshen zogale, da acca mudu uku, da rabin buhun dankali, ranar Asabar zai iso. In kin je awon ki ɗauki hoton katin ki tura wa ƙanwarki ta nuna mini, ba sai kin ce mini komai ba.

Allah ya sauke ki lafiya, ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.