A riƙa haɗa alƙaluman 'yan wasan Chiefs da labarinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da dukkan ma'aikatan sashen wasanni, da fatan Allah Ya ƙara basira. Na ji daɗi ƙwarai da kuka fara ba ƙwallon zari-rugar Amurka ɗan gurbi a shafinku. Mu da muke raba dare muna kallon wasannin NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, ba mu da yawa, kuma da wuya mu ga an yi maganarsu da Hausa. Roƙona ɗaya ne: idan za ku kawo tarihin da 'yan wasan Kansas City Chiefs suka kafa, ku riƙa gaya wa mai karatu yadda aka yi aka samu waɗannan alƙaluma.

Ga misali. Patrick Mahomes, mai jefa ƙwallon ƙungiyar, ya yi jifan da ya ci yadi 5,250 a kakar 2022, wanda ya zarce yadi 5,097 da ya yi a 2018. Wanda ya ga wannan kawai zai ɗauka 2022 ta fi. To amma a 2018 wasa 16 ake bugawa a kaka, sai a 2021 aka mayar da shi 17. Idan aka raba, a 2018 yana cin kusan yadi 319 a kowane wasa, a 2022 kuwa kusan 309. A waccan shekarar ta farko ma sau 50 jifansa ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya. Haka shi ma Travis Kelce, mai cafke jifa a ƙungiyar, da ya wuce tarihin yadi 10,940 na tsohon ɗan wasanta Tony Gonzalez a watan Nuwamban 2023 a birnin Frankfurt na Jamus, ya kamata a faɗi cewa Gonzalez kaka 12 ya yi yana tara nasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake tsallake Christian Okoye. Mutumin nan namu ne, haifaffen Inugu. Ya tafi Amurka a 1982 yana ɗan wasan jifan faifai, da burin ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984, ba a ɗauke shi ba. Daga nan ne ya koma zari-ruga, yana da shekara ashirin da 'yan kai, alhali abokan karawarsa tun suna 'yan firamare suke buga ta. Chiefs ta ɗauke shi a 1987. Ƙato ne mai nauyin fiye da kilo 110, ga kuma gudu, idan ya rungumi ƙwallo sai an yi masa taron dangi kafin a kai shi ƙasa. A 1989 ya ɗauki ƙwallo sau 370, ya ci yadi 1,480, ya zama na ɗaya a duk faɗin gasar, da ratar yadi goma kacal tsakaninsa da Barry Sanders. Ciwon gwiwa ya takura masa, kaka shida kawai ya buga, ya tashi da yadi 4,897. Daga baya Priest Holmes da Jamaal Charles sun wuce shi, har Charles ya kai 7,260, don haka a jerin sunaye Okoye ya yi ƙasa. Ni dai ban yarda jerin nan ya isa ya auna mutumin da ya shigo wasa da girmansa, a baƙuwar ƙasa, ya zama zakara cikin shekaru biyar ba. Ita kanta ƙungiyar ta san da haka, shi ya sa ta sanya shi cikin gwarazanta a shekarar 2000.

Sai kuma marigayi Derrick Thomas, Allah sarki. Ranar 11 ga Nuwamban 1990 ya kayar da mai jefa ƙwallon Seattle Seahawks, Dave Krieg, har sau bakwai a wasa ɗaya, abin da har yau ba a yi irinsa ba. Kowa na faɗin bakwai ɗin. A daƙiƙar ƙarshe ya sake damƙar Krieg, da ya faɗi da ya zama na takwas kenan, sai mutumin ya suɓuce masa, ya yi jifan da ya ba Seattle nasara da ci 17 da 16. Thomas ya rasu a 2000 bayan haɗarin mota, yana da shekara 33. Duk wanda ya kawo bakwai ɗin nan ya bar na takwas, ya rage wa mai karatu rabin labarin.

Na san shafi yana da iyaka, Malam Edita. Ko layi biyu ne a ƙara a ƙarƙashin kowane adadi, a faɗi wasa nawa aka buga da kuma aikin ɗan wasan a fili. Kuma don Allah, kafin wasan ƙarshe na gasar, wato Super Bowl, mai zuwa, ku ware mako ɗaya ku ba mu cikakken tarihin Okoye.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wadan Zariya