Madatsun ruwa: a riƙa ƙirga irin kifi, ba yawan kwando kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da jaridarku ta yi maganar madatsun ruwa, megawat ake lissafawa, kamar yadda aka yi da madatsar Zungeru mai megawat 700. Ni mai sayar da banda ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, asalina Yawuri, kuma ina roƙon ku leƙa abin da ke ƙarƙashin ruwan.

Kogin Kwara a wajenmu cika biyu yake yi: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke isowa daga tsaunukan Gini lokacin sanyi. Da cikar damina kifi ke haurawa fadama ya zuba ƙwai cikin ciyawa, 'ya'yan su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa mai gudu ya zama tafki, na ƙasa da madatsa kuma sai lokacin da injin wuta ya buƙata ake sakinsa. Kifi ba ya bin jadawalin injiniya.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne shekarun farko albarka ake gani. Ciyayin da ruwa ya shanye sun ruɓe sun zama abinci, kifin da ake kira faliya ta cika komaye, masunta suka yi ta tururuwa. Bayan 'yan shekaru ta ja baya. Dangin miligi, masu kiwo a gindin ruwa mai gudu, tun da wuri suka ragu, karfasa da warangi masu son ruwa kwance suka karɓe wuri. Kwando na iya cika, amma in ka zazzage shi a kan tabarma, iri nawa za ka ware? Dattawanmu kan jero sunayen kifin da yaran shagona ba su taɓa riƙewa ba. Su titus da panla na ƙanƙara suka sani.

Can gabas ma haka ne. Madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 sun rage ambaliyar fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Nan kusa da mu, in aka buɗe madatsar Oyan, maganar gidajen Isheri da ruwa ya ci ake yi, kuma da gaskiya, amma kifin kogin Ogun babu mai tambayarsa.

Ba na ƙin wuta, Malam. Ni ma kuɗin man janareta ya ishe ni. Amma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa. Ku tura wakili ya tambaye su irin kifin da ake samu a Kainji kafin 1968 da wanda ake samu yau, a buga mana da sunayen Hausa. A kuma tambayi masu kula da madatsun ko za a iya sakin ruwa daidai lokacin da kifi ke haurawa fadama, tunda ga madatsar Kandaji can Nijar ana ginawa a kan kogin Kwara.

Naku,
Mai karatu daga Mile 12, Legas