Zuwa ga ƙanwata, kan kwamfutar da ke ƙin dannuwa bayan zane a allo

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da Baba da Inna da sauran mutanen gida. Nan ma lafiya lau, sai dai kewarku. Saƙonki ya iso. Kin ce tun da kika sa manhajar yin zane a kan allo don koyar da ɗalibanki ta intanet, kwamfutar ta ɗauki wani hali: ki danna Word shiru, ki danna burauza shiru, har kina shirin kai ta wurin mai gyara. Dakata tukuna. Yadda kika kwatanta, lafiyarta ƙalau.

Manhajojin zane irin su Epic Pen da gInk ba a jikin takardarki suke rubutu ba. Wata taga suke shimfiɗawa mai faɗin allon gaba ɗaya, garau kamar gilashi, su sa Windows ya ajiye ta a saman kowace taga. Tawadar a kan wannan gilashin take zama. Idan alƙalami kika zaɓa, duk dannawar da kika yi a gilashin take tsayawa, ba ta isa ga abin da ke ƙasa. Idan kika koma kan kibiya, sai dannawar ta ratsa ta wuce. Yawanci mutum ya gama ja wa kalma layi ne ya manta bai ajiye alƙalamin ba. Ki gwada: danna sau ɗaya a wuri fari, ki matso da ido. In kin ga ɗan ɗigo ja ko baƙi daidai inda kika taɓa, to kwamfuta ba ta sandare ba, rubutu kike yi ba ki sani ba.

ZoomIt ta Microsoft kuwa nata salon daban ne. Da kin danna Ctrl+2 sai ta ɗauki hoton allon ta kafa miki shi, ki yi zane a kai. Shi ya sa bidiyo yake tsayawa cak, agogon da ke kusurwa ma ya daina tafiya. Hoto kike kallo. Maɓallin Esc ne ke fitar da ke.

Duk ranar da ta maƙale, fara da Esc, sau biyu ma. In bai yi ba, nemi ɗan sandan kayan aikin manhajar ki danna alamar kibiya. In sandan ya ɓace, ki bar linzami ki koma kan madannai, domin linzami ne gilashin ya fi tarewa. Ctrl+Shift+Esc zai buɗe Task Manager, wato tagar da ke nuna jerin manhajojin da ke aiki. Ko da ya fito a ƙarƙashin gilashin, sauka da maɓallin kibiyar ƙasa har kan sunan manhajar, ki danna Alt+E, ta mutu. Zanen zai tafi, amma takardunki na nan. Tun yau, kafin buƙata ta taso, shiga saitin Task Manager ki kunna Always on top, don ya riƙa fitowa a saman sauran tagogi. Ctrl+Alt+Del shi ne na ƙarshe, babu manhajar da ke iya rufe shafin da yake buɗewa, sai dai in kika zaɓi Sign out daga can duk aikin da ba ki adana ba ya tafi. Danne maɓallin wuta kuma, don Allah ki daina.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce satar maɓallai. Waɗannan manhajoji suna yi wa wasu haɗin maɓallai rajista a wurin Windows, kuma wanda ya riga yin rajista shi ke karɓa, ko a cikin wace taga kike. ZoomIt tana zuwa da Ctrl+1 don ƙara girman allo, Ctrl+2 don zane, Ctrl+3 don agogon hutu. To a Excel, Ctrl+1 shi ke buɗe wurin tsara gidajen lissafi. A Word, Ctrl+1 da Ctrl+2 su ke canza tazarar layi. A Chrome su ke tsallakawa zuwa shafi na farko da na biyu. Muddin ZoomIt na zaune a ɓoye kusa da agogo, babu ɗayansu da zai yi aiki, kuma babu wanda zai gaya miki dalili. Danna alamarta a wurin, shiga Options, ki mayar da maɓallan nata haɗin maɓallai uku, kamar Ctrl+Shift da wani harafin da ba kya amfani da shi. Sannan ki hana ta tashi tare da kwamfuta, ta cikin saitinta ko ta sashen Startup na Task Manager. Ki kunna ta lokacin darasi, ki rufe ta gaba ɗaya bayan an tashi. Ɓoye tawada ba rufewa ba ne, ki lura da wannan.

In kina haɗa allo na biyu ko majigi, wani lokaci sandan kayan aikin yana zama can bayan kin zare waya. Win+P, ki zaɓi Duplicate, ki sake buɗe manhajar. In kuma tawada na faɗawa gefe da inda kika nuna, duba Scale, wato girman da abubuwa ke fitowa a allo, a saitin Display: allo ɗaya kan 100%, ɗayan kan 150%, shi ke jawo haka. Daidaita su.

Kin kuma ce ɗalibai ba sa ganin zanen a Zoom. Taga ɗaya kike nuna musu, gilashin kuwa taga ce daban, don haka sai kin nuna allon duka. Zoom ɗin ma yana da nasa alƙalamin, kuma shi ma sai kin danna Mouse a sandansa kafin ki iya taɓa wani abu. Kada ki kunna biyun tare, gilashi kan gilashi ke nan.

A ganina, in yawancin darasinki a PowerPoint yake, ba kya buƙatar ko ɗaya. Ana cikin nuni, Ctrl+P ya ba ki alƙalami, E ya goge, Ctrl+A ya dawo da kibiya, kuma bai shafi sauran tagogi ba.

Ki rubuto min sunan manhajar da kika sa da ko Windows 10 ne ko 11, in faɗa miki daidai inda saitin yake. A gaida Baba da Inna da kyau, a ce su ci gaba da sa ni a addu'a. A shafa min kan yara.

Naki,
Yayanki